Sai da Fiziks Za a Sa Lalle

Ranar da Kamilu ya fara ganin Safinatu, cikin faɗa ya gan ta. A ƙofar wani shagon rajistar jarrabawa ne a Bodinga, wani ƙato ya shige gabanta a layi, ita kuwa ɗiyar Sodangi ce na Dingyadi, gidan da ko akuyarsu ba ta da haƙuri. Ta wanke shi tas, har sai da ya koma baya yana gunaguni.

Kamilu ya matsa ya ba ta wurinsa. Ta harare shi tukuna, sannan ta karɓa.

"Mi kinka zo cikawa, ƙanwata?"

"Lissahi da Fiziks. Su sunka kayar da ni. Aikin jinya nika son karantawa, amma wanga Fiziks ko sunanai ba ni son ji."

Ya gyara hula. "Tau ki bar shi mana. Kina da kiredit ga Agirik?"

"Ina da."

"Shi ke nan! Agirik ma kimiyya ta. Ni malamin Agirik na a Shagari, na san abin ga. Sake Lissahi kawai, ga Jamb kuma ki sa Agirik wurin Fiziks."

Bawan Allah bai tambayi kowa ba, bai duba ko'ina ba. Murmushinta kawai yake son gani, ya kuwa gan shi. Ita ma ba ta bincika ba, domin a inda ta tashi, in malami ya faɗi magana ba a bin bayanta. Haka aka cika mata, ta koma gida da sauƙin rai da lambar wayarsa.

Tun ba ta sauka daga mota ba saƙo ya shigo: "Likitata, Allah shi kai ki gida lahiya. Tun da nig gane ki zuciyata ba ta zamna wuri guda ba. Ina ga ke za ki duba ta."

Ta amsa: "Ban kai likita ba, kuma ba ni duba marassa kunya. Amma na isa lahiya, Malamina."

Kafin damina ta ja, babur ɗin Kamilu ya san kowane rami tsakanin Shagari da Dingyadi. Sai dai akwai katanga a gabansa. Baba Sodangi ya taɓa yin rantsuwa a rumfar masu albasa, ranar da wani maƙwabci ya yi masa gori cewa babu macen gidansa da ta taɓa wuce sakandare. Ya miƙe a fusace ya rantse da Allah, ba za a sa wa Safinatu lalle ba sai ta shiga jami'a. Da Kamilu ya zo gaisuwa ya durƙusa, abin da aka gaya masa ke nan.

"Ranka shi daɗe, wanga mai sauƙi na," in ji Kamilu. "Ni ka yi mata jagora."

Ta ci Lissafi. Ta ci Jamb da maki mai kyau, har Inna ta yi guɗa. Ranar tantancewa a jami'a ta sa sabon hijabi ta tafi Sakkwato. Matar da ke duba takardu ta ɗago kai ta tambaye ta ina Fiziks. Ta ce tana da Agirik. Matar ta yi mata bayani a hankali, har da tausayi: aikin jinya sai da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma dole Fiziks ya kasance cikin darussan da ta rubuta a Jamb. Agirik ba ya tsaya masa.

Safinatu ba ta yi kuka ba. Wuta ce ta kama ta tun daga ƙafa. A cikin mota ta rubuta masa: "Malam Kamilu, ka ci mini shekara guda da bakinka. Ba ka sani ba kac ce ka sani. Kar ka ƙara kirana Likita, kar ka ƙara kirana komi."

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. "Sahibata, wallahi na zaci haka na." Ta goge. "Ki yahe mini." Ta goge. Wannan "na zaci" ɗin ya fi komai ƙona mata rai.

Baba Sodangi kuwa ya ce in ya sake ganin babur ɗin nan a ƙofar gidansa, sai ya zuba shi a rijiya. A rumfa an dawo da gorin sabo fil. Faruk, ɗan maƙwabcin nan mai gori, ya samu ƙofa, ya fara zuwa da yamma yana ƙamshin turare.

"Ki huta da wahalar boko, Safina. Jami'a ba ta kowa ba ta."

"Hwaruku, tashi ka ba ni wuri tun ina ganin girman rigarka."

Bai sake dawowa ba.

Da Kamilu ya yi shiru a nan, da sauƙi. Amma mai son gyara ɓarna da gaggawa ba ya rasa ƙara wata. Ya je ya ɗauko kawunsa Malam Haliru, mai makarantar allo a Shagari, dattijon da ba a iya ƙin yi wa shimfiɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da dabbobi, sannan Malam ya kawo abin da ya zo da shi. Rantsuwa tana da mafita a addini. In mutum ya ga alheri a warware ta, sai ya ciyar da miskinai goma, ya yi kaffara, a ɗaura aure. Karatu ya biyo baya in Allah ya so.

Baba Sodangi ya gaji da gori, ya gaji da ganin ɗiyarsa tana rama. Ya ce zai duba. Da baƙi suka tafi, ya shiga rumbu ya auno gero ya ɗaure a buhu, ya jingine a zaure.

Safinatu ta ga buhun, ta tambayi Inna, ta ji komai. Ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, Malam ya hwaɗi gaskiya, ban ja da shi ba. Amma rantsuwar ga ba taka ba ta kai ɗai. Ranar da kay yi ta ina bayan rumhwa, na ji, kuma tun rannan nika ganin kaina mutum. In kab buɗe buhun ga, ka ce ma garin ga na kasa."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. "Wagga ɗiya, ni kinka biyo," ya ce, ya tura buhun lungu da ƙafa.

Ta kunna waya ta rubuta: "Ka rufe mini ƙohwar jami'a, yanzu kuma ka aiko a ɗauke ni ta taga. Aure kaka so, ba ni ba. In ni kaka so, da ka tambayi abin da nika so."

Wannan karon bai ba da haƙuri ba. Amsar ba ta zo ba sai bayan kwanaki: "Na tai jami'a da ƙahwata na tambaya, abin da ya kamata in yi tun hwarko. Akwai jarrabawar ƙarshen shekara, kina iya sake Fiziks, sannan Jamb baɗi. Malama Bilkisu tana koyarwa Bodinga ranar Asabar. Kar ki yarda da ni, ki bincika da kanki."

Ta bincika, har wuri biyu. Haka ne.

Ranar Asabar ta shiga ajin Malama Bilkisu, sai ga mutum a bencin baya, gwiwoyinsa sun tokare tebur, ya cire hula ya ajiye gefe. Kamilu ne, malami guda, zaune cikin 'yan makaranta, har da wasu da ya taɓa koyarwa suna ƙunshe dariya.

"Mi kaka yi nan?" ta tambaya bayan an tashi, fuska a ɗaure.

"Na yi rajista ni ma. Abin da nic ce ki gudu, tare za mu shiga cikinai."

"Ban yahe ba."

"Na sani. Ara mini abin gogewa."

Ta jefa masa, ba ta miƙa ba. Haka suka yi watanni, ita a gaba shi a baya. Fushin ne ya yi mata karatun, domin duk tambayar da ta gagare ta sai ta waiwaya ta gan shi yana susar ƙeya, ta ƙara cije leɓe. Ranar da ta fara yi masa gyara a aikin gida, ita kanta ba ta lura ta ce "Malamina" ba. Shi ya lura, amma ya fara hankali, ya ci gaba da rubutunsa.

Sakamako ya fito. Safinatu ta samu kiredit. Malam Kamilu ya faɗi warwas.

Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuta masa: "Sannu Malamina. Kar ka damu, kana da Agirik."

Ya amsa: "Na cancanta. Yanzu in ce Likitata?"

"Bari sai an ɗauke ni."

Aka ɗauke ta. Ta sake Jamb da Fiziks a ciki, sunanta ya fito a sashen aikin jinya. Baba Sodangi ya sa babbar riga ya tafi rumfar albasa, ya zauna kusa da maƙwabcin nan yana ta gyaran murya.

A hutun farko aka sa lalle. Malam Haliru ne ya ɗaura auren a Dingyadi. Bayan an shafa fatiha, Baba Sodangi ya sa aka fito da tuwo aka fara ajiye wa mabuƙatan gari kafin kowa, sannan ya juya wajen Malam.

"Malam, geron ga shi na niy auna don kahwara. Ɗiyata ta hana ni buɗe shi. Yau nib buɗe, kuma sadaka ta, ba kahwara ba."

Malam Haliru ya ɗaga hannu. "Allah shi yi mata albarka, shi ba su zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba, shi sa hannunta shi zam waraka ga jama'a."

Daga cikin gida Safinatu ta ji amin ɗin ta tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Kukan da ta riƙe tun ranar Sakkwato ya zo mata, ta bar shi ya zuba.