Sa Hannu da Jan Bik

Wata yarinya ta zo Damagaram daga Takieta don karatu. A gidan gwaggonta take zaune. A lakwal, wato makaranta, ba ta da ƙawa ko ɗaya. In an fita shan iska, sai ta raɓe jikin bango tana kallon masu wasa.

Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne tara hotunan manyan masana kimiyya. Takan rubuta musu wasiƙa, malaminsu Mushe Safiyanu ya kai posta. Yawancinsu ko amsa ba sa yi. Amma uku sun aiko da hoto, kowa da sa hannunsa a ƙasa.

Wanda ta fi so shi ne na wata masaniyar taurari. Ta rataye shi kusa da taga. Rana ta yi ta dukansa, har sa hannun ya dushe.

Wata rana Mushe ya ce ranar Alhamis ta kawo hotunan a nuna wa 'yan aji. Daɗi ya kama ta. Wataƙila ranar wani zai kula ta. Amma wa zai kalli sa hannun da ba ya ganuwa?

Ba ta tambayi kowa ba, don ta saba yin komai ita kaɗai. Ta ɗauki jan bik ɗin da take rubutu da shi, ta bi kan rubutun a hankali har ya fito raɗau.

Ranar Alhamis yara suka kewaye ta. Sai Khalid, sarkin sa ido na ajin, ya leƙa.

"Wannan ai bik ɗinki ne," in ji shi. "Ke kika rubuta."

Aji ya kwashe da dariya. Wasu suka ce sauran biyun ma na ƙarya ne.

"Me ya faru da hoton?" Mushe ya tambaye ta.

"Dushewa ya yi, Mushe. Gyarawa na yi."

"Na yarda da ke. Amma yanzu hannunki ne a kai, ba nata ba."

Ya cire shi daga cikin waɗanda za a nuna. Ta koma jikin bangonta tana kuka. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Can sai ga Wasila, 'yar ajinsu, ta zauna kusa da ita. Ta ce ta duba da kyau, ta ga tsohon rubutun a ƙarƙashin jan.

"Mu rubuta wa masaniyar taurarin, mu faɗi gaskiya," in ji Wasila. "Na fi ki iya Faransanci, ke kin san adireshin."

Suka rubuta tare. Kullum tare suke zuwa tambayar Mushe ko amsa ta zo.

Bayan wata biyu ya miƙo musu ambulan. Sabon hoto ne, da sa hannu, da sunayensu su biyu.

Daga nan yarinyar ta gane: kafin ka gyara abin da ba ka sani ba, ka tambaya. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya.