Robar Maganin da Inna Ta Cusa a Rumbu

Sunan unguwar ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Tsufa ya cinye wannan gefen labarin. Abin da na riƙe shi ne a Gwiwa aka yi, a gidan Inna Uwa, wadda nake sauka a zaurenta idan yawon sayar da littattafai ya kai ni can.

'Yarta Nafisat tana aure a Kazaure, wurin wani tela mai suna Zaharadeen. A layin karɓar magani suka fara haɗa ido, domin dukkansu suna ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma ba wanda ya sani a danginsu. Ƙwaya ɗaya ce kullum, magani uku a haɗe cikinta. Bayan sallar asuba ya miƙo mata ruwa, ita ma ta miƙa masa. Da ta sami ciki, nas ta ce muddin ba a yi fashi ba, da wuya cutar ta taɓa jaririn.

A wata na bakwai aka kai ta gida goyon ciki. Inna ta ga robar maganin ta tambaya, Nafisat ta ce ai maganin ƙarin jini ne na awo. Nan ta yi kuskure. Inna ta rasa ƙanwarta a kan gwiwa, kuma ta ƙudurce cewa ƙwayar awo ce ke kumbura jariri har ya kasa fitowa. A ɓoye ta ɗauke robar ta cusa a rumbu.

Kwana biyu Nafisat tana birkice kayanta. Ta kira mijinta a waya tana kuka, ta ce ya sam mata nasa. Ya lallashe ta, ya ce magani ba goro ba ne da za a raba. Ya je wurin nas ya faɗi gaskiya, ya hau babur da sabuwar roba.

To amma suruki ba ya wuce zaure, kuma duk abin da zai shiga ciki ta hannun Inna yake bi. Ta karɓi ledar da ya kawo, ta girgiza daga bayan ƙofa, ta ji ƙarar ƙwayoyi, ta ce ya koma da abinsa, ba za a kashe mata 'ya ba.

Sai ga Nafisat ta fito, ta durƙusa da ƙyar tsakanin uwa da miji, ta faɗi sunan cutar.

Inna ta manta da kunyar suruki, ta shigo zauren. Ta ce ai shi ya kwaso mata, ya rubuta mata takardarta yanzu. Zaharadeen bai ɗago kai ba, sai cewa ya yi, "Inna, ki zage ni har magariba. Amma ta haɗiyi na yau tukuna."

Nafisat ta ce, "Da ita ya same ni, Inna. Shekara biyu shi ke tashi na in sha. Ni ce na yi miki ƙarya. Wannan ba ya kumbura kowa — shi ne katanga tsakanina da jikanki."

Hawaye suka bi fuskar Inna. Daga nan ta shiga ciki. Da ta dawo, ƙaiƙayi ne a mayafinta, moɗar ruwa a hannu ɗaya, tsohuwar robar a ɗaya.

"Ke 'yar nan, ƙarfe nawa ake sha?"

Tun daga ranar, ko zakara bai kai Inna tsare lokaci ba. Bayan haihuwa ma ita ta riƙa ɗiga wa jaririn maganinsa har aka ce ya isa.

Ya ku samari da 'yammata, ciwon da aka ɓoye wa mai jinya yakan sa ya yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Masoyin gaskiya kuma shi ne wanda zai haɗiye zagi don kada ka yi fashin magani.

Na yi shakkar ƙwaƙwalwata a kan ƙarshen, don haka na bi ta shagon Zaharadeen a Kazaure. Ya nuna mini takardar gwajin ɗansu Musaddiƙ na wata goma sha takwas. Musaddiƙ ba ya ɗauke da cutar.