Mahaukacin Da Ke Jin Kunyar Suruki

Souwaiba ta tsaya cak a bakin kasuwar dabbobi, da kwanon fura a hannunta.

Zaharaddin ne zaune cikin toka, ƙafa ba takalmi, yana yi wa akuya wa'azi. Mutumin da za ta aura bayan Sallah ke nan...

Gwaggonta Altine ta fizgi hannunta, ta ce ta bar kallon abin da ya riga ya lalace. Tun da ya dawo daga haƙar zinariya a Tchibarakaten haka yake. Rami ya rufta da wansa Illo, shi kuma kansa ya juye. An yi rubutu, an yi turare, an kai shi likita, ba abin da ya sauya.

A gida, can unguwar Dagmanet, zance ɗaya ake yi mata. Ga Mourtala, abokin aikinsu a ramin, ya dawo da sabuwar mota, ya aiko neman aurenta har sau biyu. Babanta Malam Ya'u bai tilasta ta ba. Ya dai ce ba limamin da zai ɗaura wa mahaukaci aure, ta ba shi amsa ran Juma'a.

Ita kuwa ranta bai kwanta ba. Kullum sai ta bi ta kasuwa tana duba shi, yadda ake duba atamfa kafin a saya.

Ran Talata ta gani.

Yana cikin gaigayar ɓawon kankana da ya tsinta a ƙasa, babanta ya ɓullo bisa moto. Nan take Zaharaddin ya saki ɓawon, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya sunkuyar da kai har moton ya wuce. Namiji ba ya cin abinci gaban surukinsa, ba ya bar masa baki a buɗe. Hannun ne ya yi aikin da ya saba, mai hannun bai ankara ba.

Da azahar, da mutane suka watse zuwa masallaci, ta iske shi bayan shingen raƙuma.

"Mahaukaci, yaushe ka fara jin kunyar babana?"

Ya yi dariyar nan tasa, ya ce akuya ta hana shi magana da mata.

"To ci gaba. Ran Juma'a zan ce Mourtala nake so."

Dariyar ta yanke.

"Souwaibata... kar ki yi."

Muryarsa ce ta da, ba abin da ya taɓa ta. Ta so ta mare shi, ta so ta yi kuka, sai ta zauna kawai ta ce ya faɗi.

Ya ce ranar da ramin ya fara zuba, Mourtala ne ke riƙe da igiya a sama, shi Zaharaddin yana can wajen ɗiban ruwa. Ya yi zargi, amma bai gani da idonsa ba. Shi ya sa ya shiga toka, don ba mai rage murya gaban mahaukaci. Wata uku yana zama kusa da inda Mourtala ke shan shayi. Makon jiya ya ji shi da kunnensa yana faɗa wa wani Idi cewa Illo na ƙasa yana kira, shi kuma buhun dutsen zinariya ya fara jawowa.

Ta tambaye shi mi ya hana shi kai ƙara wajen jandarma.

"Wa zai karɓi shaidar mahaukaci? Na yi abin ya yi kyau da yawa."

Ya ɗaga riga. Wuƙa ce ɗaure a ƙugunsa.

"Wannan kaɗai ta rage mini, abin raina."

"Ba ni ita."

"Illo fa?"

"Illo ya tafi. Ni ina nan. In ka soke shi, mahaukaci ya yi kisa, su ɗaure ka da sarƙa, gaskiyar ta bi Illo cikin rami."

Ya kwance wuƙar, ya miƙa mata. Ta sa ta cikin kwanon fura ta rufe da faifai, ta ce ya biyo ta.

Malam Ya'u ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce masa ya je ya yi wanka tukuna, wari ya cika zaure. Da la'asar shi da kansa ya goya shi a moto zuwa wajen jandarma, ya rantse yaron nan da hankalinsa. Aka kira Idi. Bai yi awa guda a ciki ba ya amayar da komai. A hanyar Arlit aka tare Mourtala yana ƙoƙarin tserewa.

Gwaggo Altine ba ta sauko ba. Ta ce wanda ya yi wa gari guda ƙarya wata uku, mace ɗaya ba za ta yi masa wuya ba. Souwaiba ta ce ai ita ce macen da ta kama shi.

Bayan Sallah aka ɗaura.

Da 'yan kai amarya suka watse, ta tambaye shi abin da ta daɗe tana son sani: duka wata ukun nan wasa ne?

Ya girgiza kai.

"Akwai kamar kwana goma a tsakiya... ban tuna na yi su da gangan ba."

Ta matso, ta riƙe hannunsa gam.

"To, har da su na aura."