Makon da Aka Tura Mashkura Koyon Aiki

"Ɗago ki kalle ni mana! Ina tambayar ka magana, kina kallon kafet!"

Oga Ebenezer, manajan wani kamfanin haɗa wutar sola a Wuse, wanda Hausa ba ta gama zama masa a baki ba, ya buga tebur har shayinsa ya fantsala. Ranar auna ma'aikata ce, wadda ake yi ƙarshen kowace shekara: a zaunar da kai, a tambaye ka abin da ka tsinana, sannan a yanke ko a riƙe ka ko a sallame ka. Mashkura na ɗosane a bakin kujera, kanta a ƙasa. A gefe kuwa shugabar sashensu ce, Nabilah, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana kaɗa makullin mota.

"Me kin yi wa kamfani a wannan shekara? Faɗa min abu ɗaya, just one!"

Wayyo Allah! Abu ɗaya? Ita ce fa ke amsa wayar kwastomomi tun safe har yamma, ita ke tsara wa masu haɗa sola inda kowa zai je, ita ke lallashin wanda batirinsa ya mutu yana zage-zage. Sai dai tun ranar da ta fara aiki Nabilah ta ce mata, "Duk wanda ya kira, ki ce Nabilah ce ke magana, tsarin sashen nan ke nan." Haka ta yi ta yi. Nabilah kuma ba bare ba ce, 'yar Baffanta ce. A gidansu aka riƙe Mashkura bayan rasuwar iyayenta, tuwonsu ta ci, kwancen kayan Nabilah ta sa har ta gama jami'a, kuma Nabilah ce ta kawo ta kamfanin. To da wane baki za ta ce a gaban baƙo, ni nake yi, Yaya ba ta yin komai?

"Ranka ya daɗe... ina dai taimaka wa Yaya Nabilah," ta faɗa.

Nabilah ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka ɗora wa kaya. "Oga, ka ji da kunnenka. Wallahi don dai jinina ce nake rufa mata asiri, ko waya ba ta iya amsawa. A tura ta tirenin ɗin sababbin ɗauka a Kuje, in ba ta gyaru ba ni kaina ba zan roƙa mata ba."

Tirenin ɗin sababbin ɗauka! Wurin da ake koya wa waɗanda suka zo jiya yadda ake gaishe da kwastoma! Oga Ebenezer ya amince nan take, ya ƙara da cewa in rahoton can bai yi kyau ba, ta nemi wani wurin. Mashkura ta fito hawaye na bin kumatunta, ba don kunyar ba, a'a, don Iya. Iya kakarta ce ta wajen uwa, su biyu ke zaune a ɗaki ɗaya a Mararaba, tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini. Da katin asibitin da kamfani ke bai wa ma'aikaci ake duba ta, da shi ake ba ta magani. Ranar da aiki ya tafi, ranar kati zai mutu.

A cunkoson motocin Mararaba ta yi kukanta ta ƙoshi, ta goge fuska kafin ta shiga gida. Amma wa zai ɓoye wa Iya? Kallo ɗaya tsohuwar ta yi mata ta ce, "Zo nan, 'yar nan. Wa ya taɓa min ke?" Mashkura ta faɗa jikinta ta zayyane mata komai. Iya ta shafa mata kai, sannan ta ɗaga hannu sama. "Ya Allah, Kai ne gatan maraya... Kai ka ga abin da ba mu iya faɗa. Je ki Kujen, ki yi abin da aka ce."

Ni dai har yau in na tuna dabarar Nabilah sai dariya ta kama ni. Ta zauna ta ƙulla yadda za ta wulaƙanta yarinya, ta manta cewa in yarinyar ta tafi, wayar nan ba za ta daina ƙara ba!

Mai koyarwa a Kuje wata dattijuwa ce 'yar Zariya, Hajiya Zulai, wadda ta yi shekaru a ma'aikatar gwamnati kafin ta yi ritaya ta koma horar da ma'aikata. Ita ba ta tambayar mutum me ya iya. Waya take miƙa masa, ta koma bayan labule ta zama fusataccen kwastoma, ta yi ta balbala masa faɗa. Da aka zo kan Mashkura, Hajiya ta zage ta yi masifa iya masifa. Mashkura ta bar ta ta sauke, ta ba ta haƙuri, ta yi mata tambayoyi a natse, ta faɗa mata lokacin da za a zo gyara. Sai ga Hajiya ta leƙo daga labule tana riƙe da haɓa.

"Ke 'yata, wa ya turo ki nan?"

"An ce ban iya aiki ba, Hajiya."

"Da aka tambaye ki aikinki, me kika ce?"

Mashkura ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗigo kan hijabinta. Hajiya Zulai ba ta sake tambaya ba. A irin gidan da aka tarbiyyantar da yarinyar ita ma ta tashi, ta san shirun.

A Wuse kuwa abu ya dagule tun ba a je ko'ina ba. Nabilah ta tura masu gyara Kuje alhali a Jiwa ake jiransu, ta haɗa mutum biyu da mota ɗaya, ta kashe wa wani waya don ya ɗaga mata murya. Kafin mako ya ƙare sai ga wani Alhaji Manniru, mai gidan kaji a Jiwa, ya shigo ofis da kansa babbar riga na jan ƙasa, yana cewa a kira masa Nabilah.

"Ni ce, Alhaji," in ji ta, tana gyara mayafi.

"Ke? Haba! Ba ke ba ce! Shekara guda ina magana da Nabilah, na san muryarta kamar ta 'yar cikina. Yarinya mai ladabi, ko ranar Lahadi na kira sai ta ɗauka. Ke kuwa ke ce kika kashe min waya shekaranjiya, sola ta lalace, kajina na mutuwa da zafi!"

Oga Ebenezer ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa. Musbahu, shugaban masu haɗa sola, wanda abin ya daɗe yana ci masa rai, ya ajiye jakar kayan aikinsa ya ce, "Oga, gaskiya Mashkura yake nufi. Duk mun sani. Ita da kanta ta roƙe mu kada mu faɗa, wai yayarta ce."

Oga ya kira Hajiya Zulai a take, ita kuwa dama jira take. "Ebenezer," ta ce, "ka auna yarinya da ma'aunin da ba nata ba. A wurinmu mai tarbiyya ba ta kallon babba ido cikin ido, ba ta yabon kanta, ba ta tona yayarta a gaban mutane. Kai ka ga rashin gaskiya, alhali girmama ka take yi. In kana son sanin ma'aikaci, je ka tsaya inda yake aiki. Yadda za ta faɗi aikinta ba tare da jin ta yi rashin kunya ba, wannan ka bar min, zan koya mata."

Alhamdu lillahi! Washegari da mota aka je aka ɗauko Mashkura. A gaban kowa Oga Ebenezer, mutumin da ba a taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya ce, "Mashkura, I am sorry. Na yi maka ba daidai ba." Ya tabbatar mata da aikinta, ya damƙa mata sashen. Nabilah aka sauke ta, aka ce ta tattara ta tafi Kuje ta zauna a kujerar da ƙanwarta ta tashi, in ta ƙi ga hanya nan. Ta fita tana kuka, babu wanda ya bi ta ko da kallo. Mashkura ce kaɗai ta ce, "Yaya, Allah ya ba da sa'a," kuma har zuciyarta ta faɗa.

A ranar, cunkoson Mararaba bai dami Mashkura ba ko kaɗan. Tun daga zaure take ƙwala kira, "Iya! Iya! Ba a kore ni ba! Katinki na nan!"

Iya ta yi hamdala har sau ba adadi, tana kuka tana dariya. Can sai ta jawo bakin zanenta, ta kwance wani ɗan ƙulli. Ɓarin ƙwayoyin magani ne, farare, kowace an raba ta biyu. Tun ranar da Mashkura ta shigo da kuka, ashe rabi-rabi tsohuwar ke sha, tana ɓoye sauran don ranar da za a ce babu.

"Iya!" Mashkura ta durƙushe. "Iya, da kin mutu fa?"

"To ai ban mutu ba," in ji Iya, tana haɗa ɓari biyu a tafin hannunta. "Tashi ki ɗebo min ruwa, yau guda zan sha."