Alkakin Nagoggo

Saura kwana uku ƙaramar Sallah, Mahdi ya kawo zuma daga Sandamu gidan Nagoggo mai alkaki a Daura. 'Yarta Siddiƙa ce ta fito karɓa, hannunta duk ƙullin alkama. Ya tsaya kallonta har ta ce, "Malam, zumar fa?"

Sati biyar yana zuwa zance. Ita kuwa Nagoggo idonta na mutuwa, da lalube take gane kasko. Shekara talatin tana yi wa 'ya'yan mutane gara, saura ta 'yarta tilo.

Lokacin an fara Shari'a, malamai na wa'azi a rage kayan biki. Mahdi ya ji tausayin tsohuwa, ya tura kawunsa Amadu ya ce sun yafe gara.

"Ya yafe?" in ji Nagoggo. "Ƙazanta ya gani a hannuna, ko makantar yake ƙyama? Malam Amadu, ku ɗauki goronku."

Sati bai cika ba Jafaru, wani dillalin shanu, ya aiko neman Siddiƙa. Ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, sannan ta tura wa Mahdi saƙo:

"Masoyi, ka kashe mu. Inna ba ta da gona, ba ta da saniya. Alkakin nan kaɗai za ta raka ni da shi."

Ya amsa: "Haskena, wallahi tausayi ne. Ashe wauta na yi."

Ranar Juma'a ya ɗauko buhun alkama a ka, ya durƙusa gaban Nagoggo.

"Inna, na zo neman garata. Ko guda ban yafe ba."

"In ya ƙone fa?"

"Ni zan ci."

Ta lalubo buhun ta shafa. "Tashi, sakarai. Kai alkamar inji, ka ce ɓarzawa, ba gari ba."

Kwana shida tana murɗa alkaki, ba ta bar kowa ya sa mata hannu ba. Mai ya ƙona ta sau biyu. Siddiƙa na gefenta tana kuka tana cewa, "Ya yi ja, Inna, kwashe."

An ɗaura auren Siddiƙa da Mahdi kafin babbar Sallah. Ranar kai amarya Nagoggo ta lalubo kan 'yarta ta dafa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku tafi da ita maza, kafin in fasa."