Garmahon Kalla Ya Yi Shiru

"Jima, wa ya taɓa mini akwati?"

Matar Kalla ba ta ɗago kai ba. Tana ɗaure ƙorenta cikin zane, ta ce ita ba ta san aikin ƙarfe ba. Wanta Maiguwa yana ƙofar gida da jaki, tun hantsi ya iso daga Deule. Cewa aka yi za ta je ta gaida tsohuwa, amma mai zuwa gaisuwa ba ta haɗawa da tukunyar aurenta. Kalla ya ga tukunyar, ya kau da ido, ya koma kan akwatinsa.

Shofer ne, wato direba, babbar motar kaya, kamiyo, yake ja tsakanin Madawa, Buza da Keita, a shekarun bayan yaƙin Nasara. Akwatin nan garmaho ne, kullum yana gefensa a mota. Duk garin da ya sauka sai ya ɗora shi kan hancin kamiyo ya wana, kowa ya san Kalla ya iso. Da shi ya samo Jima ma. A kasuwar Deule ta tsaya ta tambaye shi ko mutumin da ke ciki yana cin tuwo. Ya ce yana ci, amma sai na hannunta.

Yau kwana uku ke nan akwatin ya ƙi magana.

Ya wana, faifai ya juya lafiya. Ya sake allura, ya sake faifai, ya goge da gefen riga. Ba abin da ke fita sai ɗan siririn kuka irin na sauro. Ya kwance kan da allura ke ciki, ya ɗaga shi a rana, fatar ba ta tsage ba. Maiguwa ya leƙo ya ce ƙila aljanin ciki ya gaji da bauta, ya tsallake iyaka ya gudu Hausa kamar masu gudun aikin tilas. Kalla bai yi dariya ba.

Saura maƙogwaro, ramin da sauti ke fitowa. Ya zura hannu har gwiwa, yatsunsa suka taɓa tsumma. An cusa shi da ƙarfi, an danna.

Ya jawo. Wata 'yar riga ce ta saƙi, ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Rigar Balki, ɗiyarsu.

Ƙyanda ta ɗauke ta yana kan hanya. Ran da ya dawo gida Tama bai sani ba, ya tsaya gindin gawo ya wana akwati kamar kullum. Kiɗa na tashi, maza na dawowa daga maƙabarta da hauya a kafaɗa. Jima tana ɗaki tana ji.

Ɗiyar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ta fari, ba ta yi mata kuka gaban mutane, kowa ya san wannan. Jima ta kiyaye kunya, mata suka yaba haƙurinta, shi ma ya yaba. Ya ɗauka shirun nan dangana ce. Ana yin sadakar uku ya hau mota.

Ya shiga ɗaki da rigar a hannu.

"Jimata… ke ce?"

"Ni ce."

"Don mi ba ki hwaɗa mini ba, hasken idona?"

"In hwaɗi mi? In kira sunan wa?" Muryarta ko rawa ba ta yi. "Akwatinka ya yi shiru kwana uku, ka kasa cin tuwo, ka kwance shi ƙusa-ƙusa. Ni kwana arba'in nike shiru cikin ɗakin ga. Ba ka tambayi abin da ya toshe ni ba."

Ya durƙusa. Ya rantse bai sani ba ranar nan, ya ce zai fasa akwatin da gatari, zai ajiye tuƙi ya kama noma. Ta ce ta yarda bai sani ba, ba ta taɓa riƙe shi da wannan ba. Abin da ya biyo baya ne ta kasa haɗiyewa.

Ta miƙo hannu. "Ba ni rigar yarinyar."

Ko a nan ba ta kira sunan ba. Sai da ta karɓa ta kai hanci, sannan hawaye ya zubo, na farko da ya gani. Ta soke rigar a ƙugu, ta ɗauki tukunya, Maiguwa ya kaɗa jaki suka nufi hanyar Deule.

Kalla ya mayar da kowace ƙusa wurinta. Akwati ya gyaru, lafiyarsa lau. Shekara da shekaru yana nan gefensa a mota, yana share masa ƙura kowace safiya, amma daga Madawa har Keita ba wanda ya ƙara jin muryarsa.