Tauraro Babu Bayani a Ƙasa

Layi ɗaya aka cire daga ƙasan shafi, awakin mutane suka yi ta ɓari.

Ɗan littafi ne na kiwon awaki. Likitan dabbobi ya rubuta, maɗaba'ar Maigida ta buga, wani mai shagon maganin dabbobi ya ɗauki nauyin aikin don a sa tallarsa a bangon baya. A shafin maganin tsutsar ciki, an ɗora alamar tauraro a ƙarshen jimla. Aikin tauraron shi ne ya ce wa mai karatu: sauke idonka ƙasa, da sauran magana. Maganar kuwa ita ce kada a ba akuya mai sabon ciki wannan maganin. A littafin da ya shiga hannun makiyaya, tauraro na nan, ƙasan shafi fari fat.

Wani Sajan na 'yan sanda ya zo maɗaba'ar da hantsi, Likita na biye da shi, fuska a murtuke.

"Wa ke shigar da rubutu a kwamfuta?" in ji Sajan.

"'Yata ce," in ji Maigida.

"To, da ita zan tafi."

Maigida ya juya ya dubi 'yar tasa. Auta na zaune a kusurwa da goyo a bayanta, jaririn ko wuya bai tsayar ba.

"Yallaɓai, ka ba ni zuwa yamma," in ji Maigida.

Sajan ya jawo kujera ya zauna. "Kafin in tashi aiki, ko ka ba ni mutum, ko in ɗauki wannan."

Da Likita aka fara. Ya nuna rubutunsa na hannu, layin na ciki. Auta ta buɗe kwamfuta, nan ma layin na nan.

"Jiya ma tana iya mayar da shi," in ji Likita.

"Baba, da a nan aka goge shi, da tauraron ya tafi tare da shi," ta ce. "Kuma rubutun gaba zai hauro ya cike gurbin. Ba ya barin fili."

"Ni ban san kwamfuta ba, 'yan mata," in ji Sajan. "Alƙali ma ban tabbata ba."

Maigida ya share gumi ya shiga ɗakin baya. A aikinsu, daga kwamfuta ake fitar da shafuka a takarda mai shara-shara, da ita ake gasa farantin ƙarfen da inji ke buga littafi da shi. Ya tono ta wannan shafin ya ɗaga ta saitin taga. An kankare layin da reza. A gefen takardar ga tabon yatsa, ruwan shunayya.

Ya kira Dogo, mai gasa faranti, wanda gashinsa ya yi furfura a ɗakin nan.

"Rezar wa ke aiki a nan in ba taka ba?"

"Tawa ce, Maigida. Amma da ni ne, zan bar tauraro a tsaye? A kan irin wannan ka taɓa marina ina sabon zuwa. Har yau kunnen nan bai gama dawowa ba."

Gaskiya ce. Duk wanda ya ci abinci a sana'ar nan ya san in ka cire bayanin ƙasa, sai ka haura ka cire alamarsa. Kuma baƙar tawada kaɗai aka taɓa a wannan aikin.

"Takardar nan ta taɓa fita daga ɗakin nan?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Dogo, jikana zai kwana a caji ofis."

"Mai magani ne. Ya ce zai kai takardun gida uwargidansa ta ga tallar. Ana sallar la'asar ya dawo da su. Ban duba ba."

Rana ta fara karkata lokacin da Maigida da Sajan suka isa shagon maganin. Kwalayen maganin tsutsa sun kai rufi. Sajan ya juya ɗaya, ya ga kwanan watan lalacewarsa ya ƙarato. Mai magani na fesa wa wani rago maganin rauni, yatsunsa sun rine shunayya.

Maigida ya buɗe masa shafin. "Malam, wannan tauraron na mene ne?"

"Ado ne mana. Ni ma ai na ce a zuba mini su a tallata."

"Shi ya sa ka bar shi."

Mai magani ya saki ragon.

Maigida ya juya wajen Sajan. "Kayansa na shirin lalacewa, yanzu kuma rabin awakin gari ciki gare su. Layin nan zai hana masa ciniki. 'Yata ba za ta iya cire shi ta bar fili ba. Dogo ba zai cire shi ya bar alama ba. Wanda ya yi aikin nan bai san tauraro na nuna ƙasa ba, kuma hannunsa na da wannan launin." Ya ajiye takardar kusa da yatsan mutumin.

"Ƙaramin rubutu ne," in ji mai magani, murya ƙasa ƙasa. "Na ɗauka ba mai karanta shi."

"Da ba mai karanta shi, da ba ka nemi reza ba," in ji Sajan, ya ciro ankwa.

Auta ta kwana a ɗakinta. Mai magani ya tafi gidan yari, aka garƙame shagon. Likita bai sake kawo aiki ba.

Littattafan kuwa sun riga sun watsu. Maigida ya sa aka sassaƙa masa hatimi da layin nan. Duk ranar kasuwar dabbobi sai ya rufe maɗaba'a, shi da Dogo su bi rumfa rumfa suna roƙon makiyaya su fito da littafinsu a buga musu a ƙarƙashin tauraro. Wata tsohuwa ta miƙo nata, ta jira ya buga, ta sa aka karanta mata.

"Allah ya yi albarka, ɗana," ta ce. "Sai dai ba ni da sauran akuya mai cikin da zan hana maganin."